PAGADO KO PAGARÉ? YADDA MUTANEN PANYA KE HARHAƊA KALMOMINSU

Kwanakin baya muna zaune a ƙofar wani shago a unguwar Briketeri ta Yawunde, sai wani ɗan'uwanmu falke ya zaro takarda daga aljihu ya miƙo mana, ya ce mu duba masa. Ya sayi kaya ne a Ebebiyin ta hannun wani dillali, wanda shi ma namu ne, ya ƙirga masa kuɗi cif, aka ba shi takarda ya sa hannu. Ya ce shi dai ya ga kalmar da ke sama ta fara da "paga", ya kuwa san "paga" biya ne, don haka ya ɗauka rasit aka ba shi. Ashe abin da aka rubuta shi ne "pagaré", ma'anarsa "zan biya", wato takardar amsa bashi. Da rasit ne da "pagado" zai gani, wato "an biya". Sai da dattawa suka shiga tsakani, aka nemo shaidu, sa'an nan ya samu kansa, bayan ya yi asarar kuɗin mota da kwanaki masu yawa.

Haruffa biyu kacal ne a ƙarshen kalma suka jawo masa wannan wahala. Shi ya sa muka ga ya dace a wannan wata mu zauna mu duba yadda harshen Sifaniyanci ke gina kalmominsa, domin duk wanda ya san inda aka haɗa kalma, ya san inda zai kwance ta.

ME YA HAƊA MU DA SIFANIYANCI?

Maƙwabciyarmu ta kudu, Gini Ikwatoriya, wadda iyayenmu ke kira Panya, ta samu mulkin kai daga ƙasar Sifen ranar 12 ga watan Oktoba, 1968, kuma har gobe Sifaniyanci ne harshen ofis da makaranta da kasuwa a can, ko da yake daga baya an ƙara Faransanci da harshen Fotugal cikin harsunan hukuma. Tun 1985 kuɗinmu ɗaya da su, wato sefa. Albasar Marwa da Garwa, da gyaɗa, da shanu, suna bin hanyar Ebolowa da Ambam har kasuwar Kiye-Osi, daga nan su tsallaka Ebebiyin su nufi Bata. 'Yan'uwanmu kuwa da ke zaune a Bata da Malabo, wasunsu can aka haife su.

Bugu da ƙari, yaranmu da ke karatu a ɓangaren Faransanci, da zarar sun kai aji na uku na kolej, wanda ake kira katiriyem, akan ce su zaɓi wani harshen waje na biyu, kuma da yawansu Sifaniyanci suke ɗauka. Kukan da muke ji daga bakinsu ɗaya ne: wai kalmomin sun cika tsawo, ba su haddatuwa. Harshe ne kuwa da mutum kusan miliyan 500 suka tashi da shi a baki a duniya, daga Sifen zuwa Meziko da Ajantina. To, ashe bai kamata mu bari tsawon kalma ya kori yaranmu daga gare shi ba.

SAIWA DA RASSA

Mu fara daga gida. Ɗauki kalmar "karanta". Daga cikinta muka samu karatu, da makaranta, da makaranci, da karantarwa, da karantacce, da karance-karance. Babu Bahaushen da ya zauna ya haddace waɗannan ɗaya bayan ɗaya. Saiwa ɗaya ce, ana liƙa mata wani abu a gaba ko a baya, ma'ana ta juya. Malaman Hausa suna kiran abin da ake liƙawa a gaba ɗafa-goshi, na baya kuma ɗafa-ƙeya.

Haka Sifaniyanci yake. Ga wata saiwa da kowane mai harkar mota zai ci karo da ita, wato "carg", daga aikatau "cargar", yin lodi:

carga: kaya, lodi
cargamento: dukan kayan da mota ko jirgi ya ɗauko
cargador: ɗan dako, ko kuma abin cajin waya
descargar: sauke kaya
sobrecarga: lodin da ya wuce kima
encargo: sautu
recargo: ƙarin kuɗi a kan abin da ya kamata a biya

Kalma bakwai ke nan daga saiwa guda. Wanda ya haddace su daban-daban ya yi aiki bakwai, wanda ya gane saiwa da abin da aka ɗafa mata ya yi aiki ɗaya, sa'an nan zai ɗauki ɗafe-ɗafen nan ya tafi da su kan wasu ɗaruruwan kalmomi.

Haka zuriyar "pagar", biya, wadda ta kā da ɗan'uwanmu: pago shi ne biyan, pagador mai biya, pagado an biya, impagado ba a biya ba, pagadero wanda za a biya a wani lokaci, prepago biya tun kafin a karɓa. Shi kuma pagaré, asalinsa magana ce ta mutum da bakinsa, "zan biya", aka mai da ita sunan takarda.

ABIN DA AKE ƊAFAWA A GOSHI

Waɗannan su ne masu haɗari, domin ƙanana ne, ido kan tsallake su, alhali suna iya kifar da ma'ana baki ɗaya.

"Des" warware aiki yake yi. Hacer yi ne, deshacer warwarewa. Empleo aiki ne, desempleo rashin aiki. Contar ƙirgawa ce, descontar ragewa daga lissafi, daga nan aka samu descuento, wato ragi. To, a lura: descuento sauƙi ne a kanka, recargo kuwa nauyi ne.

"In" korewa yake yi, kamar "marar" ko "rashin" a Hausa. Amma yakan sauya kama gwargwadon harafin da ya tarar. Gaban b ko p sai ya koma "im": posible, imposible. Gaban l sai ya koma "i" kawai: legal, ilegal. Gaban r kuma "ir": regular, irregular. Kada wannan ya ba mu mamaki, domin mu ma mukan rubuta "gidan Bala" amma abin da ke fita bakinmu shi ne "gidam Bala". Leɓe ne ke neman sauƙi, a can da nan duka.

"Re" maimaici ne ko ƙari: vender sayarwa, revender sake sayarwa, revendedor kuwa ɗan sari da ke saye don ya sayar. "Pre" kafin, "sobre" bisa ko fiye, "sub" ƙarƙashi, "contra" kishiya. Contrabando, wato fasa-ƙwauri, ma'anarsa ta asali abin da ya saɓa wa shelar hukuma.

Akwai kuma inda ake ɗafa goshi da ƙeya a lokaci guda don a mai da suna aikatau. Barco jirgin ruwa ne. A sa masa "en" a gaba da "ar" a baya, sai a samu embarcar, shiga jirgi ko loda masa kaya. A ƙara "des" a samu desembarcar, sauka daga jirgi. Embarcadero kuma wurin da ake shiga jirgin. Cárcel kurkuku ne, encarcelar jefawa a kurkuku. Paquete ƙunshi ne, empaquetar ƙunshewa. Noche dare ne, anochecer shigar dare.

ABIN DA AKE ƊAFAWA A ƘEYA

A Hausa "ma" ke ba mu mai sana'a da wurin sana'a da kayan aiki: maƙeri, maƙera, mabuɗi. Sifaniyanci a ƙeya yake yin wannan aiki. "Ero" mai sana'a ne, "ería" shagonsa. Pan burodi, panadero mai gasa shi, panadería gidan burodi. Zapato takalmi, zapatero baduku, zapatería shagon takalma. Carne nama, carnicero mahauci, carnicería wurin sayar da nama. Aduana duwan, aduanero ma'aikacin duwan. Camión babbar mota, camionero direbanta. Baƙon da ya riƙe wannan kaɗai zai iya bin titi a Bata yana karanta allunan shaguna.

"Dor" mai aikatawa ne: vendedor mai sayarwa, comprador mai saye, trabajador ma'aikaci. Idan mace ce sai a ƙara "a": vendedora. Masu kallon ƙwallo sun san wannan ba tare da sun lura ba. Sa'ad da Samuel Eto'o ke Barcelona, daga 2004 zuwa 2009, ya zama wanda ya fi kowa cin ƙwallo a gasar Sifen ta kakar da ta ƙare a 2006, da ƙwallo 26. Sunan irin wannan ɗan wasa goleador: gol ƙwallon da ta shiga raga, golear zura ƙwallaye, goleador mai zura su. Idan ƙwallon ta yi kyau ƙwarai sai ka ji mai sharhi ya ƙwala "golazo", domin "azo" kambamawa yake yi. Wani lokaci kuma duka yake nufi: cabeza kai, cabezazo bugu da kai, codo gwiwar hannu, codazo zunguri da ita.

Ga wanda ya yi Faransanci akwai garaɓasa. Inda Faransanci ke ƙarewa da "tion", Sifaniyanci "ción" yake sawa: importación, declaración, dirección. Inda Faransanci ke da "té", shi "dad" ne: nacionalidad, cantidad, calidad. Dukansu kuwa jinsin mace ne, "la" suke ɗauka. Aikinsu shi ne aikin "ci" da "ntaka" a Hausa, kamar jahilci da abokantaka.

"Mente" shi ke nuna yadda aka yi abu. Asalinsa kalmar Latin ce mai nufin hankali ko zuciya, kuma da yake mace ce, sai aka liƙa ta jikin sifa ta mace: rápida, rápidamente, da sauri, lenta, lentamente, sannu a hankali. Har mu ma ga shi "hankali" muka sa a wurin.

Sai "ito" da "ita", waɗanda suka yi daidai da "ɗan" da "'yar" na Hausa. Poco kaɗan, poquito ɗan kaɗan. Momento lokaci, momentito ɗan lokaci. Kamar yadda Bahaushe kan ce "ɗan dakata mini" don ladabi, haka su ma suke sassauta magana da shi. Mosca ƙuda ne, mosquito "ɗan ƙuda", wato sauro, mosquitero kuma gidan sauro.

HANA-SALLA DA 'YAN'UWANSA

A nan ne Bahaushe zai ji kamar a tsakar gidansu yake. Mu mukan ɗauki aikatau mu haɗa da suna, sai su zama kalma ɗaya: hana-salla, dafa-duka, ɓata-gari, ci-rani, rufa-ido, amsa-kuwwa. Su kansu ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya da muka ambata haka aka gina su. To, Sifaniyanci ma hanyar da ya fi so ke nan wajen raɗa wa kayan aiki suna:

paraguas: para (tare) da aguas (ruwa), laima
abrelatas: abre (buɗe) da latas (gwangwanaye), mabuɗin gwangwani
cortaúñas: corta (yanke) da uñas (farce), abin yankan farce
matarratas: mata (kashe) da ratas (ɓeraye), maganin ɓera
salvavidas: salva (ceci) da vidas (rayuka), rigar ceto ta cikin jirgin ruwa
limpiabotas: limpia (goge) da botas (takalma), mai goge takalma
portavoz: porta (ɗauki) da voz (murya), kakaki
guardameta: guarda (tsare) da meta (raga), mai tsaron gida
espantapájaros: espanta (tsorata) da pájaros (tsuntsaye), mutum-mutumin gona

Masu sayar da kayan gyaran mota su buɗe kunne. Parabrisas "tare-iska" ne, gilashin gaban mota. Parachoques "tare-karo", ƙarfen gaba da na baya. Guardabarros "tsare-taɓo", murfin taya. Ita kuwa doguwar nan da ke firgita yara, limpiaparabrisas, gaɓa uku ce: goge, tare, iska. Wato abin da ke goge abin da ke tare iska.

Abu biyu za a kiyaye game da irin waɗannan. Na farko, kusan dukansu jinsin namiji ne, "el" suke ɗauka, ko da sunan da ke ciki mace ne. Na biyu, "s" ɗin ƙarshe ba ya nufin abin yana da yawa. Laima ɗaya el paraguas, laimomi goma los paraguas, kalmar ba ta motsa ba.

Akwai kuma haɗin suna da suna, ko suna da sifa. Compraventa saye-da-sayarwa ne, kuma shi ake rubutawa a kan takardar cinikin mota ko fili. Mediodía tsakar rana, medianoche tsakar dare. Altavoz "murya mai tsawo", amsa-kuwwa. Wasu kan sa "i" a tsakani a matsayin maɗauri, kamar yadda "n" ke ɗaure farin-jini da baƙin-ciki: pelo gashi da rojo ja sun ba da pelirrojo, mai jan gashi, boca baki da abierto buɗaɗɗe sun ba da boquiabierto, wanda ya saki baki don mamaki. An ninka "r" a pelirrojo da matarratas ne don ta riƙe kaɗawarta a tsakiyar kalma. Su ma da gaɓoɓin jiki suke siffanta hali. Inda muka ce tsaurin ido, su sai su ce caradura, "taurin fuska". Almubazzari kuwa manirroto ne, "mai fasasshen hannu".

Har jimla sukutum sukan dunƙule, kamar yadda muka yi da a-kori-kura da ka-ce-na-ce da faɗi-ka-mutu. Sabelotodo "san-shi-duka", mai ganin ya fi kowa sani. Hazmerreír "sa-ni-dariya", wanda ya zama abin dariya. Vaivén "tafi-da-zo", kai-komo. Correveidile kuwa "ruga, je ka, ka gaya masa", sunan magulmaci ke nan, kuma ba mu tsammanin akwai unguwar da ta rasa nata.

LISSAFI DA CINIKI

Lambobi ma harhaɗa su aka yi. Dieciséis "goma da shida" ne aka matse, kamar goma sha shida. Veinticinco ashirin da biyar. Doscientos ɗari biyu, trescientos ɗari uku. Uku ne suka bauɗe, sai a haddace su: quinientos 500, setecientos 700, novecientos 900. A kuma tsaya a bambance sesenta 60 da setenta 70, domin harafi ɗaya ne tsakaninsu. Mu da muke ƙirge da dala da jaka, mu tuna su da faranka suke ƙirge: quinientos francos shi ne dala ɗari, mil francos jaka guda.

Wajen ba da umurni sukan manne wakilin suna a jikin aikatau. Da "ba", me "ni", lo "shi": dámelo, ba ni shi. Véndemelo, sayar mini da shi. Jerin daidai yake da na Hausa, rubutun ne kawai aka haɗe.

GADON LARABCI

Musulmi sun yi mulki a sassan Andalus daga shekara ta 711 har zuwa 1492, kuma sun bar kalmomi masu yawa a harshen. Abin sha'awa, yadda muka haɗiye "al" ta Larabci a alƙalami da aljihu da albasa da almakashi, haka su ma suka haɗiye ta. Almacén sito ne, alquiler kuɗin haya, albañil magini, algodón auduga, azúcar sukari, aceite mai, arroz shinkafa. Alcalde da alƙali uwa ɗaya uba ɗaya suke, sai dai a wurinsu yau alcalde magajin gari ne, mai shari'a kuwa juez. Wannan "al" ta riga ta narke, ba a cire ta. Shi ya sa suke cewa el almacén, kamar yadda muke cewa alƙalin nan.

INDA DABARAR KE TSAYAWA

Kada mai karatu ya ɗauka kowace kalma za ta kwantu yadda yake so. Destino makoma ce, ko wurin da aka nufa, babu abin da "des" ya warware a ciki. Ventana taga ce, amma ventanilla ita ce tagar ofis inda ake biyan kuɗi ko karɓar takarda. Cama gado, camilla gadon ɗaukar majinyaci. Carta wasiƙa, cartero mai raba wasiƙu, cartera kuwa jakar kuɗi.

Mafi haɗari ita ce inflamable, wadda ake rubutawa jikin duro da tankin mai. Wanda ya ce "in" korewa ce zai fassara ta "ba ya cin wuta", alhali ma'anarta mai saurin kamawa da wuta. Wannan "in" ɗin daban ne, "cikin" yake nufi. Saboda haka kwance kalma zato mai ƙarfi yake ba ka. Idan magana ta kai ga sa hannu, ko shan magani, ko wuta, sai a tabbatar a ƙamus ko wurin wanda ya sani kuma aka amince da shi. Wayar hannu tana fassara, gaskiya ne, amma wanda bai san "pagado" da "pagaré" sun bambanta ba, ba zai ma tuna ya tambaye ta ba.

SHAWARARMU

Ga fatake: kafin ka sa hannu, nemi kalmar da aka rubuta da manyan baƙaƙe a sama, ka rufe goshinta da yatsa ka ga saiwa, ka rufe ƙeyarta ka sake gani. Tambayi kanka abin da aka ƙara, da wanda ƙarin ya ɗora wa nauyi. Recibo da factura da pagaré takardu uku ne daban: shaidar an karɓi kuɗi, da lissafin abin da ake bin ka, da alkawarin biya. Idan ka yi shakka, ka ce a dakata un momentito. Rigakafi ya fi magani.

Ga 'yan makaranta: ku buɗe littafi guda, kowane shafi saiwa ɗaya, ku riƙa tara zuriyarta a ƙarƙashi duk sa'ad da kuka gamu da su. A gefen kowace ku rubuta Hausarta tare da Faransancinta.

Ga iyaye kuwa, maganarmu ta fi nauyi. Mun lura a gidaje da yawa na Yawunde da Duwala an daina yi wa yara Hausa, wai don kada ta hana su Faransanci. Yaron da ya san dalilin da ya sa ake kiran hula hana-salla, ya riga ya san yadda aka ƙera paraguas tun kafin malam ya shiga aji. Wanda aka raba da harshen gidansu kuwa, an karɓe masa ma'aunin da zai gwada sauran harsuna da shi. Ku zauna da su da dare ku yi wasa: kowa ya kawo kalmar Hausa mai gaɓa biyu, yaro ya nemo takwararta a littafinsa na makaranta. Ku za ku ƙaru da Sifaniyanci, su kuma su ƙaru da Hausa.

Duk wanda ya ci karo da wata doguwar kalma a takardar duwan ko jikin kwali da ta gagare shi, ya kwafo ta yadda take ya aiko wa wannan fili, za mu kwance ta tare a fitowa ta gaba in Allah ya so. Allah ya tsare mu da sa hannu a kan abin da ba mu sani ba, ya sa albarka a fataucinmu da karatun yaranmu, amin.